Abin da ya sa na mayar da motar jiya

Ɗana, tun jiya da la'asar nake ganin fuskarka a ɗaure. Ka ce mini, "Maigida, mutum ya aje jikka 200 don a buɗe wa motarsa wuta ta kwamfuta, aikin da bai kai awa biyu ba, don me ka ƙi?" Tambayarka tana kan hanya: so yake a ƙara wa injin ƙarfi fiye da yadda kamfani ya saita shi. Jawo benci ka zauna.

Tun kafin ka shigo garejin nan, wani saurayi ɗan gidan alhazan garin nan ya kawo mini irin wannan mota, BMW 335i mai ƙofa biyu, ba ta daɗe da hawowa daga Kwatano ba. Injinta N54 ne, wanda ya fito a 2006: silinda 6 a jere, lita 3, turbo biyu, ƙarfin doki 306. Kamfanin da kansa ya ɗaure gudunta a kilomita 250 cikin awa, kuma kai ma ka san babu inda za ka kai haka tsakanin Maradi da Tasawa. Saurayin dai ƙarfin bai ishe shi ba. Ni ma a lokacin ina son a ce ni na fara irin wannan aiki a gari.

Turbonta na tura iska da matsin da bai wuce wajen bar 0.6 ba. Na samo wani tsari a intanet na loda wa kwamfutarta, matsin ya haura bar 1. Na cire akwatin matatar iska na asali na ɗaura buɗaɗɗiya mai tsini don a riƙa jin hucin turbo. Na sauke ta ƙasa da gajerun sifirin. Makonnin farko in ta taso daga bakin babbar kasuwa sai kowa ya waiga, ana ta nuna garejina da yatsa.

Ka taɓa riƙe famfon mai faci bayan ya gama ba keke iska? Zafin da ka ji a tafin hannunka, shi ne abin da ke faruwa da duk iskar da aka matse. Shi ya sa aka sa wa motar ƙaramin lagireto a gaba, aikinsa ya huce iskar kafin ta shiga inji. An auna girmansa daidai da matsin kamfani. Ni na ƙara matsi na bar shi yadda yake. Wanda ya rubuta tsarin da na loda kuma, a ƙasar sanyi ya rubuta shi, da esansi mai ƙarfi, mai lamba 98, a ransa. Mu nan a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle bisa kwalta. Yaron kuwa in mai ya yanke masa, na kwalba yake sha a bakin hanya, wanda ba mai iya gaya maka lambarsa ko abin da aka gauraya masa.

Iska mai zafi, matsi mai yawa, mai marar ƙarfi: in suka haɗu, sauran man da ke cikin silinda sai ya fashe da kansa, bai jira wutar buji ta iso gare shi ba. Ƙarar kamar tsakuwa ce cikin gwangwani, amma a kan fistan guduma ce. Injin yana da kunnuwan da ke jin wannan bugu, kwamfuta ta jinkirta wuta don ta kare shi, sai dai kariyar tana da iyaka.

Motar ta yi magana, ɗana. Sau biyu ta kunna fitilar gargaɗi ta rage wa kanta ƙarfi. Sau biyu ya kawo ta, sau biyu na jona na'ura na goge laifin na ce masa ba komai. Na san akwai komai. Kunya ce ta hana ni in ce aikina ne ya jawo. Har yau in na tuna yatsana a kan maɓallin gogewar nan sai gabana ya faɗi.

A hanyar Gidan Rumji ta tsaya da tsakar rana, hayaƙi shuɗi na fita a salansa. Da muka sauke inji muka buɗe, fistan ɗaya ya tsage a tsakanin zobbansa, jikin silindar ya karce. Bututun iska kuma da na shafa cikinsa, ƙura ce ja ta biyo yatsana. Matatar nan tawa ta sha hunturu guda tana zuba wa turbo rairayi. Ba laifin kamfani ko kaɗan, sun ƙera abu lafiyayye, ni na fitar da shi daga ma'auninsa. Ga shi ban kwafe tsarin kwamfuta na asali na adana ba, akwatin matatar ma na sayar wa ƴan gwangwan. Motar ta yi watanni a ƙarƙashin bedin can tana jiran kaya. Mahaifin yaron ya zo da kansa, bai ɗaga murya ba, ya dai nuna mini cewa ya ɗauka in yaro bai sani ba ni na sani. Motocinsa na kaya da nake dubawa shekara da shekaru, daga ranar ban sake ganin ko ɗaya ba.

Saukewar da na yi mata ba sai na ja ba. Tudun rage gudu da ramukan damina sun cinye ƙarƙashinta.

Abin da ke hana ni barci shi ne burki, don ban ko kalle shi ba. In ka ninka gudu sau biyu, aikin da burki zai yi ya ninku sau huɗu. Man burki DOT 4 yana sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 155, ka taka feda ta tafi ƙasa kamar ka taka soso. A hanyar da amalanke ke fitowa daga gona ba sallama, Allah ne kaɗai ya tsare da injin ya riga mutuwa.

To ka duba motar jiya da kyau? Man burkinta ya yi baƙi. Tayoyin gaba na gwanjo ne masu harafin H, iyakarsu kilomita 210, alhali irin wannan mota W ko Y take so. Lambobi huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, kuma tayoyin baya sun haura shekara 8. Akwai farin tabo a kusurwar lagireto, alamar yana tsatsa.

Ban rufe wa mai motar jiya ƙofa ba. Na ce ya fara da taya da burki da sanyaya, ya kuma yi mini alkawarin inda zai riƙa shan mai, sannan mu zauna maganar wuta, ita ma kaɗan. In ya dawo gobe, kai za ka kwance buji shidan, ka auna matsin kowace silinda ka rubuta a takarda. Kafin hannunka ya kai ga kwamfutarta, ka kwafe tsarinta na asali a wuri biyu, ɗaya ka kawo mini in sa a aljihun tebur.