Faffaɗan rim a bayan mota

Kai yaro, kana tambayata yadda za ka san faffaɗan rim zai zauna a bayan mota ba tare da taya ta ci bodi ba. To juya rim ɗin ka duba cikinsa, akwai inda aka buga ET da wata lamba. Wannan lambar ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke zama a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa, da milimita. Lambar na raguwa, rim na fitowa waje. Tana ƙaruwa, yana shigewa ciki wajen shoka. Shi kuma faɗi, duk inci ɗaya da ya ƙaru milimita 25.4 ne, rabi ya tafi ciki, rabi ya fito waje. Zancen ƙirga ramukan noti kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma wankin mota.

Ka tuna mini da wani ɗan gayu da ya taɓa kawo mini BMW E46 a garejin nan. Ya je Ƙofar Ruwa ya kwaso rim na babbar yayarta, E39, wai ai duk ramuka biyar ne a da'ira mai faɗin milimita 120, wato 5x120. Na ce masa ranka ya daɗe, rim ɗin da kamfani ya sa a bayan motarka faɗinsa inci 8.5 ne, ET50. Wanda ka sayo inci 9.5 ne, ET22. Bambancin ET kaɗai milimita 28, ka ƙara kusan 13 na faɗi, taya za ta leƙo waje da milimita 41. Ga shi ramin tsakiyarsa 74.1 ne, hob ɗinka kuwa 72.6, sai an sa zoben da zai cike giɓin, in ba haka ba mota ta riƙa kakkarwa a guje. Ya ce shi dai haka ya gani a Instagram, in ɗaura kawai, komai ya faru shi ya jiyo.

Na sa aka yanko zobe da kuɗina, na ɗaura, na ja masa kunne kada ya ɗauki kaya a baya. Ranar Asabar ya cika ta da abokan ango suka kama hanyar Zariya. Ramin farko da ya faɗa, leɓen bodi ya sauko ya yanke gefen tayoyin nan biyu, bodin ma ya lanƙwashe, fenti ya tashi. Da Litinin sai ga shi da ɗan sanda, yana rantsuwa da Allah ban taɓa gaya masa komai ba, wai ni na ba shi shawarar rim ɗin! Shaidata kaɗai yaron da ke wurina lokacin, shi kuma da ya ga kaki sai bakinsa ya mutu. Ni na sayi taya biyu, ni na biya gyaran bodi da fenti, kuɗin aikina har yau bai shigo hannuna ba. Wallahi in na ga irin motar nan sai raina ya ɓaci.

Ku yaran yanzu waya ce malaminku, kowa so yake mota ta yi kyau a hoto, ba mai son durƙusawa da rula. Kafin ka ɗaura, auna sararin da ke tsakanin tsohuwar taya da leɓen bodi, ka auna na ciki wajen shoka da tiyon birki. Bayan ka ɗaura, sauke ta daga jak, ka sa ƙarti uku su zauna a baya, sannan ka zura yatsa. In yatsa bai shiga ba, cire.

Faifan nan da ake sawa a bayan rim yana turo shi waje ne kawai, ba ya mayar da shi ciki, kuma dole a sa dogayen noti. Rim da ya fito da yawa boris yake ci. In mai mota ya nace, ba shi takarda ya rubuta da hannunsa ya sa hannu, ko ya kai ta wani garejin.