Tambayoyinku ga likita: warin kemikal daga kamfanoni

Salam jama'a, satin nan yawancin saƙonnin da suka shigo akan kemikal ne, to bari in ɗauki guda uku.

Wata baiwar Allah daga Sharaɗa a Kano ta ce: "Likita gidanmu yana bayan wani kamfani, wani lokacin da daddare sai wari ya taso ido na yaji yara na ta tari. In wani abu ya fashe ya za mu yi?"

Hajiya wallahi tsoronki yana kan hanya. A daren 2 ga Disamba 1984 a garin Bhopal na Indiya ruwa ya shiga wani tanki a kamfanin maganin ƙwari na Union Carbide, iskar guba kusan tan 40 ta fita mutane suna barci, sama da 3,000 suka rasu a kwanakin farko, waɗanda suka shaƙa kuma sun haura dubu 500, kuma talakawan da suka yi gini a jikin katangar kamfanin su abin ya fi ci. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa-ƙasa take bi, shi yasa yara suka fi jigata.

To in kin ji warin ya yi ƙarfi ki fara duba ina iska ke kaɗawa, kar ku bi inda take tura warin, ku ratsa ta gefe har ku fita daga hanyarsa, yaran kuma a ɗauke su sama kar a ja su a ƙasa. Ki jiƙa mayafi ko tsumma ki rufe musu hanci da baki, ba ya tarewa duka amma yana ragewa. In fita ba za ta yiwu ba ku shige ɗaki ku rufe taga, a kashe fanka, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen zani. Wanda abin ya taɓa a cire masa kaya a yi ta kwarara masa ruwa, ido kuma a wanke aƙalla minti 15. Dan Allah banda ɗura manja ko madara, banda sa mutum amai. Kuma ko ya ce ya ji sauƙi a kai shi asibiti, don irin su kulorin sai bayan awanni huhu ya fara tara ruwa.

Wani matashi mai aiki a majema a Challawa ya ce in an sa su kwashe ramin dagwalo yana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai da jiri, amma in ya daɗe a ciki sai warin ya ɗauke.

Ƙanena ɗaukewar nan ita ce ta fi tayar min da hankali. Iskar sunanta haidirojin salfaid, in ta yi yawa kashe jijiyar jin wari take, kai kana ganin ta tafi alhali lokacin ta fi yawa. Tana iya kayar da ƙato cikin shaƙa kaɗan, sai na biyu ya faɗa ceto shi ma ya zube. Kar ka shiga sai an busa iska a ramin an auna, da igiya a ƙugunka da mutum a sama yana kallonka. Takunkumin kyalle da muka saba da shi lokacin korona ba ya komai anan.

Na uku wani ɗan kasuwa ne, ya ce wai akwai doka ma kuwa kan kemikal a ƙasar nan?

Akwai Alhaji. A 1988 aka gano dubban durom na sharar guba daga Italiya an jibge a Koko, jihar Delta a yanzu, wannan ya sa aka yi dokar hana shigo da shara mai guba aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya FEPA, daga baya a 2007 hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli NESREA ta gaje ta. NAFDAC ke kula da shigo da kemikal, masu duba masana'antu suna ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, ma'aikacin da ya ji rauni kuma dokar 2010 ta ba shi haƙƙin diyya ta asusun inshorar ma'aikata NSITF. Turai ma sai da hatsarin kamfanin kemikal na garin Seveso a Italiya ya faru a 1976 sannan suka yi dokarsu a 1982, kuma abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne dole kamfani ya sanar da maƙwabta irin haɗarin da ke ajiye da abin da za su yi in ya ƙwace. Mu ma hakan ya kamata mu nema.

Sannan Alhaji ka duba sitonka. Abin da ya tarwatsa tashar jirgin ruwan Beirut ta Lebanon a 2020 amoniyam naitiret ne, sinadarin da ake yin taki da shi, tan 2,750 da aka bari a sito kusan shekara shida. Taki, fetur, asid da bilic kowanne wajensa daban, kuma kar yaron shago ya kwana a ɗakin da aka sa wa wake ƙwayar magani.

Hajiya ta Sharaɗa, ki dinga rubuta rana da lokacin da warin ke tasowa, ku haɗu da maƙwabta da mai unguwa ku kai wa NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha a rubuce. Yaran kuma ki kawo su a saurari ƙirjinsu tun yanzu.