Zauren Baffa: Kwata, shara da takardar indijin, ƙofar wa za a buga a Gombe?

Jama'a assalamu alaikum. Saƙonnin wannan karon kusan duk kan ƙaramar hukuma suka faɗa, inaga damina ce ta jawo, don sai ruwa ya fara sauka mutane ke tuna akwai wani waje wai shi sakateriya. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri.

Tambaya: Baffa barka da aiki. Dan Allah kwatar layinmu ta cika taf da leda da yashi, ruwan da aka yi kwanaki sai da ya shigo mana zaure ya jiƙa buhun masara, mun yi wa wani babba magana yace ba aikin lokal gwamman bane na jiha ne, wani kuma yace a'a na lokal gwamman ne, to mu dai mun rasa inda zamu nufa. Daga wani magidanci, Bolari.

Amsa: Ɗana Allah ya mayar da alheri. Duka mutum biyun da kuka tambaya kowa ya faɗi rabin gaskiya ne. A takarda, kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya jero ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, kuma magudanan ruwa da kwashe shara da titunan cikin unguwa da fitilun kan titi duk suna ciki, har da kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta da sa wa layi suna da ba gidaje lamba. To amma Gombe tun ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire ta daga jihar Bauchi ta zama babban birnin jiha, kuma duk garin da gwamna ke kwana a cikinsa jiha sai ta kafa nata hukumomin su riƙe manyan ayyukan, shi ya sa motar shara da kake gani a bakin titi ta GOSEPA ce hukumar kare muhalli ta jiha, izinin gini kuma da maganar wanda ya dasa katanga a kan hanyar ruwa na hukumar tsara birane ne. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne ƙananan lambatu na cikin lungu da kwalbati, ta hannun sashen ayyuka, sai kuma duba-gari da ke ƙarƙashin ɓangaren lafiya.

Yanzu abin yi. Ku daina kai kuka da baki, maganar da aka yi wa kansila a wajen suna ko zaman makoki ba ta shiga fayil, ana tashi ta tashi. Ku rubuta takarda zuwa ga ciyaman, ku faɗi sunan layin da daga ina zuwa ina kwatar ta toshe, mai unguwa ya sa hannu magidanta kamar goma su sa, ku haɗa da hoto, ku yi kwafi biyu. In kun je ofishin karɓar wasiƙu zaku tarar da akawu da wani ƙaton littafi mai baƙin bango, shi zai rubuta lamba da kwanan wata ya buga hatimi a kan takardar, to ku miƙa masa kwafinku shi ma ya buga masa kafin ku fito, wannan hatimin shi ne duk ƙarfinku. Daga nan takardar za ta hau teburin ciyaman ya rubuta layi ɗaya a gefe ya tura wa daraktan ayyuka, shi kuma ya tura injiniya ya auna ya yi ƙiyasin kuɗi, sannan ta gangara wajen ma'aji, kuma a wajen ma'ajin ne takardu suka fi yin barci, sai a riƙa leƙawa. Irin wannan takardar ku kai wa hukumar muhalli ma, babu laifi a buga ƙofa biyu.

Amma fa bari in faɗa maka abin da ba za ka so ba. Garin nan a kwari yake zaune kuma ƙasarsa yashi ce, ruwa in ya gangaro daga tudu da yashinsa yake zuwa, ko babu leda ko ɗaya sai kwata ta cike in ba a yashe ta kafin damina ba, ballantana ga ledar fiya wata ga matan da ke jiran hadari ya haɗu su aiki yara da bokitin shara a juye a lambatu wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Zauren na ƙasa da ku. Ku yi gayya ranar tsaftar ƙarshen wata ku yashe, sannan ku matsa a zo a kwashe abin da kuka fitar, don in aka bar shi a bakin kwata ruwa ɗaya zai mayar da shi. Wanda ya ƙi ji kuma a haɗa shi da duba-gari, suna da ikon ba shi takardar gargaɗi har su kai shi kotu. Manyan kwaruruka masu cin gidaje su kam sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma nesa ba kusa ba, irinsu ne ake yi da kuɗin Bankin Duniya a shirin ACReSAL mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja.

Tambaya: Baffa ina wuni. Ni ɗalibi ne zan cike fom ɗin aikin gwamnatin tarayya an ce sai da takardar indijin, a Tumfure aka haife ni nan na tashi, naje nema a cikin gari aka ce min wai in tafi Kumo, ni ban ma san kowa a Kumo ba wallahi. Wannan ba wulaƙanci bane?

Amsa: Ba wulaƙanci bane ɗana, iyaka ce. Jihar Gombe ƙananan hukumomi 11 gare ta kuma ƙaramar hukumar Gombe ita ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa, mazaɓu 11 ne kawai irinsu Jekadafari da Pantami da Herwagana da Shamaki da Kumbiya-Kumbiya da Bolari biyu, gari kuma ya girma ya tsallake iyakar tuni. Tumfure a ƙasar Akko take, hedikwatar Akko kuwa Kumo, wasu unguwannin bakin gari kuma Kwami suka faɗa wato Malam Sidi, wasu Yamaltu/Deba wato Deba. Mutum na zaune yana cewa shi ɗan cikin garin Gombe ne, kuma gaskiyarsa ne, amma ranar da takarda ta tashi sai ya ga an nuna masa hanyar tasha.

Sai dai ka tsaya tukuna kafin ka biya kuɗin mota, ita wannan takardar ba inda aka haife ka take bi ba, asalin mahaifi take bi. Ka tambayi mahaifinka shi wace ƙaramar hukuma ce a tasa takardar, can zaka nema. Yadda aka saba, mai unguwa ne zai fara shaidarka, ya tura ka wajen dagaci, dagaci ya tura wajen hakimi, da takardar hakimi zaka je sakateriya da hotonka ka biya kuɗi a ba ka rasit. Kar ka ba wani a bakin get kuɗi wai zai fito maka da ita yau yau, jabu ta yi yawa kuma wajen tantancewa ake gano ta bayan ka gama shan wahala.

Ni a ra'ayina tsarin nan akwai rashin adalci a ciki, musamman a gari irin Gombe. Fadar sarki kanta sai a 1919 ta dawo nan Doma bayan Gombe Abba da Nafada, jirgin ƙasa ya iso a 1963, auduga da gyaɗa suka jawo Kanawa da Barebari da Yarabawa da Inyamurai suka zauna suka hayayyafa, yanzu jikan wanda ya zo tun zamanin a ce masa ya koma garin da ko hanyarsa bai sani ba ya nemo takarda. Amma fom ɗinka ba zai jira a gyara doka ba, ka je ka nemo.

Tambaya: Baffa sannu da ƙoƙari. Na haihu wata huɗu kenan, asibiti sun bani kati, maƙwabciyata tace wannan ba takardar haihuwa bace wai sai na je wani ofis. Gaskiya ne? Kuma nawa ake biya? Daga Maman 'yan biyu, Pantami.

Amsa: 'Yata Allah ya raya, maƙwabciyarki ta yi gaskiya. Katin asibiti shaida ce kawai cewa an haihu a wajensu, takardar haihuwa da makaranta da ofishin fasfo za su karɓa ita ce ta hukumar ƙidaya ta ƙasa, tun dokar 1992 su ke da wannan aikin, duk da rajistar haihuwa ma na cikin jerin ayyukan ƙaramar hukuma na jadawali na huɗu da na ambata a sama. Suna da jami'insu a sakateriya da wasu asibitocin, ki tambaya a inda kike kai rigakafi za a nuna miki teburinsa. Ki je da katin asibitin da lambar NIN ɗinki ko ta baban yaran tunda yanzu a kwamfuta ake shigarwa, rajistar jariri kyauta ce. Ki duba yadda aka rubuta sunan da ranar haihuwar tun kina tsaye a wajen, harafi ɗaya in ya kauce sai ya bi yaro har jarabawar gama sakandare ana yawon kotu ana rantsuwa.

Tunda kin ce wata huɗu, ya kamata a ce 'yan biyun sun karɓi allurar rigakafi ta ranar haihuwa da ta sati 6 da 10 da 14, sai kuma ta ƙyanda da shawara a wata 9. In akwai wadda ta wuce ki kai su haka nan, ba a sake farawa daga farko kuma ba a biyan ko sisi.

Tambaya: Malam Baffa, ni mai shagon tireda ne a Tudun Wada. A shekara ɗaya mutum uku suka zo karɓar kuɗi kowa da tasa rigar, ɗaya ma a takardar littafin makaranta ya rubuta min. Wanne ne na gaskiya?

Amsa: Alhaji kuɗin shago da na rumfar kasuwa da na allon talla haƙƙin ƙaramar hukuma ne, harajin abin da kake samu kuma na hukumar tara haraji ta jiha ne, kaga mutum biyu za su iya zuwa kuma duka halas. Na ukun mai takardar littafi shi ne ban yarda da shi ba. Rasit na gaskiya bugagge ne da sunan hukuma da lambar jeri, mai karɓa kuma yana da katin shaida, in babu waɗannan ka ce masa cikin mutunci zaka je ofis ka biya da kanka, zaka ga ya saki maganar. Ka riƙa tara rasit ɗinka a leda guda, kuma ku yi magana da shugabannin ƙungiyarku su karɓo jerin kuɗaɗen da aka amince a manna kowa ya gani.

Tambaya: Baffa an ce kotun ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu, to mu dai har yanzu bamu ga canji ba. Ina kuɗin suke? Daga wani malamin firamare, Nasarawo.

Amsa: Malam hukuncin gaskiya ne, ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura kason ƙananan hukumomi 774 kai tsaye cikin asusunsu ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, ta kuma ce kantoman riƙo da gwamna ke naɗawa ba ya cikin tsarin mulki. Kason nasu kashi 20.60 ne cikin 100 na asusun tarayya, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Sai dai yanke hukunci daban aiwatarwa daban, an ɗau dogon lokaci ana ja-in-ja kan buɗe asusu a Babban Banki da binciken littattafan kuɗi, asusun haɗin gwiwar kuma har yanzu yana nan rubuce a sashe na 162 ba a goge shi ba.

Kuma ko an turo kai tsaye kar ka ɗauka tsabar kuɗi ce za ta zube a tebur. Albashinku na malaman firamare daga wannan kason yake fita, haka na ma'aikatan asibitocin unguwa da na sakateriya da fansho da kason masarauta, ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kafin a zo kan kwalbati da rijiyar burtsatse abin ya tsuke. Ni abin da nake so ku riƙa tambaya shi ne kasafin kuɗi, kowace ƙaramar hukuma tana yin nata duk shekara kansiloli su amince, kuma abin da aka raba wa kowacce duk wata ana buga shi a fili. Kansilan mazaɓarku shi ya ɗaga hannu aka amince da kasafin, ku kira shi ya zauna a ƙofar mai unguwa ya karanta muku abin da aka sa wa Nasarawo a ciki.

Sai wasu gajeru da aka turo. Mai tambayar ruwan famfo, ba na ƙaramar hukuma bane, hukumar ruwa ta jiha ce ke turo shi daga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, bututu in ya fashe can za a kai rahoto. Mai tambayar tiransifoma, wuta ta kamfanin JED ce mai hedikwata a Jos wanda ke riƙe da Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai, ciyaman na iya taimakawa in ya ga dama amma ba wajibinsa bane. Hajiyar da ta tambayi katangar maƙabarta, wannan kam nasu ne tsaf, ki sa kwamitin maƙabartar su rubuta takarda kamar yadda na gaya wa mutumin Bolari. Wasiƙun fili da takardar mallaka da suka shafi GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, sun taru da yawa, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.