Goge suna kawai ba ya ɓoye mutum

Tambaya: Malam, ina da bayanan marasa lafiya a Excel zan ba abokan bincike, na goge sunaye da lambobin waya. Ya wadatar ko?

Amsa: Bai wadatar ba ɗan'uwa, kuma wannan abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Kowa gani yake da ya cire suna shikenan mutum ya ɓace, alhali ranar haihuwa da jinsi da unguwa suna nan zaune suna nuna shi da yatsa. A 1997 wata mai bincike, Latanya Sweeney, ta ɗauki bayanan asibiti da aka goge sunayensu a Amurka, ta haɗa da rajistar masu zaɓe, ta zaƙulo fayil ɗin gwamnan jihar Massachusetts na lokacin, William Weld. Daga baya ta nuna kusan kashi 87 cikin 100 na Amurkawa za a iya gane su da ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya kawai. Netflix, kamfanin kallon finafinai, ma ta saki bayanan masu kallo a 2006 ba suna, masu bincike suka kwatanta da IMDb, shafin da mutane ke bayyana ra'ayinsu kan finafinai, suka gano wasu, toh ina ga ɗan fayil ɗinka?

Maida ranar haihuwa rukuni, kamar shekara 30 zuwa 39, unguwa ta koma jiha, duk cutar da mutum ɗaya ko biyu kaɗai ke da ita ka cire layin ko ka haɗe ta da wasu. Ni ƙa'idata ba na sakin fayil sai kowane layi yana da aƙalla mutum biyar masu kama da shi sak. Rayuwar mutane ce fa, mai cutar da yake ɓoyewa ba zai iya janye sirrinsa ba idan ya fita.

Tambaya: Na ɓoye layin sunaye a Excel maimakon gogewa.

Amsa: Haba! Danna biyu kowa zai buɗe shi. Kwafi abin da kake so zuwa sabon fayil.

Tambaya: Na shafa baƙi a kan suna a PDF, lafiya?

Amsa: Gwada kwafe wurin ki liƙa a wani waje. In sunan ya fito, fenti kawai kika yi Hajiya, nemi manhajar da ke goge rubutun gaba ɗaya.