Stargate: daga ina zan fara, kuma su wane ne Goa'uld?

Ɗan'uwa, kana tambaya daga ina za ka fara Stargate, kuma ka ce tsutsotsin nan da ake kira Goa'uld sun rikita ka. Fara da fim ɗin 1994, sai shirin talabijin mai dogon zango, SG-1, da aka fara a 1997, sizin 10 ne. A labarin, sojan saman Amurka ne ke riƙe da ƙofar, wato Stargate ɗin, a cikin dutsen Cheyenne, ta nan suke leƙa sauran duniyoyi.

Goa'uld yana shiga ta wuya ya nannaɗe laka ya ƙwace jikin, idanu su yi haske murya ta yi kauri, shi kuma mai jikin yana nan ciki yana ganin komai amma ba yadda zai yi, wallahi wannan ya fi ba ni tsoro. Inda mutane ke ruɗewa shi ne Jaffa, mayaƙan Goa'uld, su jaririn tsutsar suke goyo a ciki, ba ta juya su, shi ya sa Teal'c, wani ɗan Jaffa, ya iya yin tawaye. Tok'ra kuma, irin tsutsar ne amma masu adawa da Goa'uld, da yardar mai jiki suke zama.

Kar ka taɓa Atlantis, shirin da ya fito daga SG-1, sai ka gama sizin 7 na SG-1. Daga nan suna tafiya tare, tsarin jerin sai ka tambayi tsofaffin 'yan kallo. Kashi na farko na SG-1 akwai tsiraici, kar ka kunna gaban yara.