Amsa kan kashin "Be Right Back" na shirin Black Mirror

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin tambaya ko wannan kashi ya cancanci yabon da ake yi masa, tunda wasu sun ce miki yana da sanyi kuma ba ya gaba. Na daɗe ina bin shirin, kuma wannan kashi yana cikin waɗanda nake komawa ina sake kallo.

An fara nuna shi a tashar Channel 4 ta Birtaniya a watan Fabrairun 2013, shi ne ya buɗe zango na biyu, kuma Charlie Brooker ne ya rubuta shi. Martha da masoyinta Ash sun tare a gidan da ya tashi a ƙauye, washegari ya fita mayar da motar hayar da suka kwaso kaya, daga nan sai labarin rasuwarsa. Ranar jana'iza wata ƙawarta ta yi mata bayanin wata manhaja da ke tattara rubuce-rubucen mamaci na intanet ta riƙa magana da salonsa. Martha ta ƙi da fushi, sai daga baya, da ta gano tana da ciki kuma ta kira 'yar'uwarta ba ta samu ba, ta buɗe ta.

A ganina ƙarfin kashin yana cikin abu ɗaya, wato na'urar ba ta san komai game da Ash ba sai abin da ya zaɓa ya nuna wa duniya. Tun farko an nuna shi yana ɗora wani hotonsa na yarinta a intanet a matsayin abin dariya, alhali ya gaya wa Martha cewa murmushin da ke cikinsa na dole ne, domin an ɗauke shi ne bayan rasuwar ɗan'uwansa. Da kwafinsa, wato jiki na roba mai kamarsa da Martha ta saya daga baya, ya ga hoton nan, abin dariya kawai ya kira shi. Haka kuma daren da ta kore shi daga ɗaki ya tashi ya fita ba musu, ranta ya ƙara ɓaci, saboda Ash na gaskiya da ya tsaya sun yi cacar baki. Hayley Atwell ta riƙe rawar Martha da kyau, musamman a asibiti lokacin da wayar ta faɗi ta lalace, ta rikice tana kuka tamkar an sake yi mata rasuwa. Duk wanda ya taɓa kasa goge saƙon muryar wani nasa da ya rasu zai gane abin da take ciki, kuma wannan sanyin da aka faɗa miki shi ne ya ba irin waɗannan wurare nauyi.

Rauninsa ya fara daga zuwan gangar jikin. Daga rubutu zuwa murya hankali yana ɗauka, har ma a zahiri, a 2016, wata mai kamfanin manhaja, Eugenia Kuyda, ta haɗa irin wannan manhaja da saƙonnin abokinta Roman Mazurenko bayan mota ta kashe shi. Amma a kawo jiki a akwati, a jiƙa shi a bahon wanka, ya sauko yana tafiya da magana, wannan tsalle ne mai nisa da marubucin bai yi masa shimfiɗa ba. Ba a nuna kamfanin ba, ba a ce komai kan doka ba, kuma babu wanda ya tambaya ko Ash ya yarda a yi haka da sirrinsa. An kuma ware Martha daga jama'a fiye da kima, ta yadda babu maƙwabci ko dangi da zai yi karo da fuskar mamaci ya tayar da magana.

Ƙarshen ma bai gamsar da ni ba. Bayan Martha ta kai kwafin bakin dutse ta umarce shi ya faɗa, ta kuma kasa, sai aka tsallake shekaru aka nuna shi ajiye a ɗakin saman rufi, 'yarta tana kai masa ziyara. Abin da na fi son gani, wato me ta gaya wa yarinyar game da shi, shi ne aka tsallake.

Duk da haka ina ba ki shawarar ki kalla, sai dai ki sani akwai wuraren kwanciya a ciki, saboda haka ba na kallo da yara ba ne.