Gwiwata Ta Yi Ƙara A Filin Ƙwallon Kwando, In Je Wurin Mai Ɗori?

Tambaya: Likita, ina buga wa jami'armu ƙwallon kwando. Mako biyu ke nan na yi tsalle, ina dira na ji ƙas a gwiwa, kafin dare ta kumbura suntum. Yanzu ina takawa, amma da na juya sai ta zame. An yi hoton ƙashi an ce lafiya lau. Gwaggona ta ce targaɗe ne, mai ɗori zai ja ta. Shi ke nan na bar wasa?

Amsa: Ƙanwata, ba ki bar wasa ba, amma ajiye ƙwallo tukuna. Ƙara, kumburi cikin 'yan awoyi, ga zamewa, duk alamun tsinkewar jijiyar ACL ne, wato jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki don kada ta zame. Ta fi samun mata a kan maza, galibi ba tare da kowa ya taɓa su ba. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai likitan ƙashi ya gwada da hannu, a yi hoton MRI, wanda shi ke nuna jijiya.

Maganar ɗori kuwa, wallahi ta ishe ni. Me zai ɗora? Ƙashi bai karye ba, bai goce ba. Jijiyar can tsakiyar gaɓa take, yatsa ba ya kai mata, ruwan zafi da man shafawa ma haka. Zai murza, ya ja, ya ɗaure. Bayan mako uku kumburi ya saɓe, wanda da ma zai saɓe da kansa, sai a ce hannunsa da albarka. Yarinya ta koma fili, gwiwa ta sake zamewa, wannan karon har da yagewar guringuntsi. Sai sannan a kawo mana ita, aiki ɗaya ya zama biyu, ga ciwon gaɓa na jiranta tun da ƙuruciya. Kocin da ke cewa a haɗiyi maganin ciwo a daure saboda gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA ta matso, shi ma da alhaki a wuyansa.

Paige Bueckers ta jami'ar Connecticut a Amurka ta tsinke wannan jijiya a watan Agustan 2022. Aka yi mata tiyata, ta zauna kaka guda cur, a 2025 ta ɗaga kofin jami'o'in ƙasar. Mai son komawa wasan tsalle da juyi yawanci sai an yi tiyata, sannan atisayen ƙarfafa cinya na wata 9 zuwa 12.

Ki nemi likitan ƙashi cikin makon nan, in kina kusa da Kano ga asibitin Dala. Ki tafi tare da gwaggo, ta ga hoton da idonta.